Littafin aikin shafin marina

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da ya faru jiya ne ya sa na buɗe wannan littafi. Mu huɗu muka je wurin Alhaji, shugaban ƙungiyar marina da masu bugu da muka yi alkawarin gina wa shafin intanet. Muka share awa biyu a kan tabarma a gefen karofi, aka sha shayi, aka yi raha, aka shafa fatiha aka watse. A mota muna komowa na ce kowa ya faɗi abin da aka tsayar. Mai zanenmu ta ce shafin talla Alhaji yake so, hotuna masu kyau da lambar waya. Mai rubuta mana kod ya ce ina, kanti ne sukutum, da kwandon sayayya da biyan kuɗi ta kati. Mai hoto ya ce shi abin da kunnensa ya jiye masa, tarihi ake so a adana tun dattawa na da rai. Ni kuwa na ɗauka duka ukun ne. Tabarma ɗaya muka zauna, muka tashi da magana huɗu.

To, daga yau an daina. Duk abin da aka yanke zan ba shi lamba, in rubuta ranar, da wanda ya kawo shi, da dalili. Wannan takarda daban take, muna ce mata takardar matsaya, tana Google Docs inda kowannenmu zai iya buɗewa. Shi kuma wannan littafi nawa ne, na abin da takardar ba za ta ɗauka ba: gardama, kuskure, da abin da ya ba ni haushi.

Wa'adinmu kafin a ga watan azumi, wato ƙarshen Fabrairu. Ba mu muka zaɓa ba. Mai son sa rinannen yadi ranar Sallah dole ya saya da wuri, don in azumi ya raba tsakiya tela ba ya karɓar ɗinki, in ma ya karɓa ka san sauran.

Asabar, 11 ga Janairu

Na koma wurin Alhaji da takarda falle ɗaya, na karanta masa a bayyane, layi bayan layi, ina tsayawa yana gyaɗa kai. Da na zo kan farashi sai ya ɗaga hannu.

"Ɗana, kada ku rubuta kuɗi."

"Ranka ya daɗe, mai saye daga nesa zai so ya san abin da zai tanada."

"Farar shaddar da na sayo ranar Litinin, ba kuɗinta ke nan ranar Alhamis ba. In kun rubuta, ko dai in yi asara, ko a ce na yi ƙarya. Kuma ciniki ai magana ce. A bar mutum ya yi sallama tukuna."

Na so in ja, sai na ga ya fi ni gaskiya, aƙalla a kasuwar yanzu. Matsaya ta 1 ke nan: babu farashi, babu kwando, babu biya ta shafi. Kowane yadi zai samu lambarsa, a ƙarƙashinsa maɓalli guda da zai kai mutum WhatsApp ɗin ƙungiya, saƙon ya riga ya rubuta kansa: sallama, sannan "ina tambaya a kan yadi mai lamba kaza". Ana yin haka da adireshin wa.me, a jera lambar ƙasa 234 da lambar waya, ban da sifilin farko, ban da alamar tarawa.

Mai kod bai ji daɗi ba. Ya yi sati yana karanta yadda ake haɗa shafi da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, har ya gwada da katin wasa. Na ce masa ilimin ba zai ruɓe ba. Ya ce to ai shafi marar kwando allon talla ne kawai. Na rubuta wannan ma a takardar, a ƙarƙashin matsayar, da sunan wanda bai yarda ba. Ya leƙa ya gani, ya ɗan huce.

Na ƙara sakin layi guda na abubuwan da ba za mu yi ba a wannan zango: ba rajistar masu saye, ba manhajar waya, ba labarai na mako-mako da babu mai rubuta su. Wannan sakin layi ya fi duk sauran ba ni kwanciyar hankali.

Talata, 14 ga Janairu

Tambayar da ya kamata mu fara da ita sai yau muka yi ta: in mun gama mun tafi, wa zai riƙe shafin? Alhaji ba ya karatun boko, da saƙon murya yake harkarsa. Sakataren ƙungiya hannunsa kullum a cikin baba yake. Aka ce ga 'yar Hajiya, shugabar matan da ke ɗaure yadi a cikin gida kafin a kai karofi. Ɗaliba ce, ba ta da kwamfuta, waya ce kawai.

Wannan ya kashe gardamar da mai kod da mai zane suka kwana uku suna yi. Shi yana son ya rubuta komai da hannu, shafi marar nauyi. Ita tana son WordPress, shiryayyar manhajar gina shafi. In yarinyar nan ce za ta riƙa ɗora hoto daga waya, WordPress ne, don yana da manhajar waya, kuma ana iya ba ta matsayin edita: ta wallafa, ta gyara, amma ba za ta iya taɓa injin ciki ba. Sharaɗin mai kod, kada ƙarin manhajojin da za a jona su wuce huɗu. An amince.

Sunan shafi kuma mun ɗauki mai ƙarewa da .com.ng. Hukumar NiRA ce ke kula da duk adireshin da ya ƙare da .ng, amma ta hannun dillalan da ta amince da su ake saye. Na dage a yi rajistar da sunan ƙungiya da imel ɗin da muka buɗe mata, ba na ɗayanmu ba. Na taɓa ganin makarantar da shafinta ya mutu don yaron da ya yi rajista ya canja layi ya bar gari, babu wanda ya san ranar sabuntawa. Mun kuma kauce wa duk kalmar da ke da ƙ, ɗ ko ɓ a cikin sunan, don kada mai bugawa ya tsaya yana tunanin wanne zai danna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Zane a takarda, da biro. Mai zane ta yanka kwali daidai faɗin waya, duk abin da bai shiga cikinsa ba babu shi. Shafuka biyar muka tsayar: na farko, na yaduka, na yadda ake rini, na mutanen ƙungiya, da na tuntuɓa.

Ta zo da wani tunani mai kyau a ido: da zarar an buɗe, bidiyon muciya tana juya ruwan baba ya cika fuskar waya. A kwamfutarta abin gwanin sha'awa. Sai na fito da abin da na sayo jiya a kasuwar 'yan waya, wata tsohuwar Itel mai tsagaggen gilashi, na sa mata layi da datar kwana ɗaya. Muka buɗe samfurin a kanta. Muka jira. Mai hoto ya fita ya yi alwala ya dawo, muciyar ba ta motsa ba.

Tun daga nan wayar ta samu suna, Alƙali. Matsaya ta 5: duk abin da Alƙali bai yarda da shi ba, ba ya shiga. Shafin farko gaba ɗayansa kada ya wuce kilobayit 500. Bidiyon zai koma shafin yadda ake rini, kuma ba zai tashi ba sai an danna shi. Mai zane ta ce mun yanke wa aikinta fuka-fuki. Wataƙila. Amma datar mai saye ba tamu ba ce da za mu ƙona masa ita tun bai ga yadi ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yinin ɗaukar hoto, kuma yini mafi wahala zuwa yanzu.

Mun isa da hantsi, hazo ya rufe gari, komai ya yi fari-fari. Na tsaya kusa da wani dattijo yana tsoma yadi. Na sha ganin rini daga nesa, ban taɓa lura ba sai yau: yadin ba shuɗi yake fitowa daga rijiyar ba. Kore-kore yake fitowa, kamar ganyen da ya fara yaushi, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa a hannun mutumin, kana kallo, har ya zama shuɗi. Ya mayar, ya ɗaga, ya mayar. Yawan tsomawa shi ne duhun launi. Ruwan kansa sai an zuba baba da toka an bar shi kwanaki ya nuna, kuma marini da hanci da ido yake gane ya kai ko bai kai ba. Na ce wa mai hoto wannan juyewar ita ce bidiyonmu, daƙiƙa ashirin ta isa.

Matsalar ita ce kyamara ba ta san shuɗin baba ba. Yadi ɗaya, a wayata ya fito baƙi ƙirin, a ta mai zane ya yi ruwan hoda mai duhu, a kyamarar mai hoto ya yi shuɗin rigar 'yan makaranta. Wanda aka kai mabuga kuwa, aka buga masa shuni har yana walƙiya irin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, shi ƙyallinsa ne ke makantar da kyamarar, sai ka ga fari fat a inda ya fi kyau. Muka yi ta fama har azahar. Abin da ya yi aiki a ƙarshe: a inuwa, da safe, a ajiye farar takarda a gefen kowane yadi a daidaita hasken da ita, sannan a yanke ta daga hoton. Mai ƙyalli kuma a naɗe shi a hannu a ɗauka ta gefe, kada a shimfiɗa. Duk da haka za mu rubuta a ƙarƙashin hotuna cewa launi na iya bambanta daga waya zuwa waya. Gara a faɗa tun farko da a dawo da kaya daga Agadas.

Dattijon nan ya ce kada a ɗauki fuskarsa. Hajiya ma ta aiko cewa matan ba za su fito ba, amma ana iya ɗaukar hannuwa da zare. Mai hoto ya so ya roƙa, na hana. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba amincewar mutum muhimmanci, amma ko babu doka, a'a ta wadatar. Wanda ya yarda, na karanta masa abin da za a yi da hotonsa da Hausa, ya amsa da bakinsa, na naɗa a waya na adana. Hotunan hannuwan kuma, da muka duba da daddare, sun fi na fuskokin. Shuɗin ya shiga har ƙarƙashin farce.

Litinin, 27 ga Janairu

Ba a yi komai ba. Mai kod yana jarrabawa, mai zane tana bikin ƙanwarta, unguwarmu kwana uku babu wuta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau haruffa suka tashi tsaye.

Mai zane ta zaɓi wani salon rubutu siriri mai kyau. Da muka zuba Hausa a ciki, duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suka zo sai harafin ya fito daban, ya fi 'yan uwansa kauri, kamar wanda ya zo biki da kayan gona. Dalili: salon ba shi da su, sai burauza ta aro daga wani. A kan Alƙali ma ko aron babu, ɗan akwati ne fanko a tsakiyar kalma. Sakatare ya ce a cire ƙugiyoyin mana, ai kowa zai gane. Na rubuta masa "baƙin yadi" ba ƙugiya, na ce ya karanta. Ya karanta, "bakin yadi". Na ce to gefen yadin muke sayarwa ko baƙinsa? Bai ƙara magana ba.

Muka koma Noto Sans na Google, wanda ke ɗauke da su duka, manya da ƙanana. Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ma yana da su, mai zane ce ta ce ya yi kama da littafin firamare. Sai nauyi ya zama matsala, mai kod ya ce zai rage fayil ɗin, ya zubar da haruffan da ba ma buƙata. Ya rage, ya ɗora. Ƙ ta fito lafiya, babba da ƙarama. Manyan Ɗ da Ɓ ma suna nan. Ƙananan ɗ da ɓ kuwa sun yi ɓatan dabo.

Awa biyu muka yi kafin mu gano. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ba unguwa ɗaya suke zaune ba. Ƙaramar ƙ tana lamba 0199, cikin rukunin ƙarin haruffan Latin, tare da manyan. Amma ɓ tana 0253, ɗ tana 0257, a rukunin gaba, na alamomin masana furuci, wanda ya fara daga 0250. Shi kuma ya yanke a 024F, daidai bakin ƙofarsu. Matsaya ta 9 ita ce mafi tsawo a takardar, na jera lambobin duka, na haɗa da jimlar gwaji da za a riƙa liƙawa duk lokacin da aka taɓa salon rubutu: "Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a ɗakin Ƙasimu, Ɓaidu na nema." Ba ta da ma'ana sosai, amma duk shidan suna ciki.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Wannan laifina ne, in rubuta shi da hannuna. Hajiya ta zauna da 'yarta sun gyara bayanin yadda ake ɗauri, sun canja sunayen zane uku da na rubuta ba daidai ba. Ni kuma na ɗauko tsohon rubutun daga WhatsApp na liƙa a kai, na share nasu, ban sani ba sai da yarinyar ta kira ta ce, "Yaya, ina gyaran Mama?" Allah Ya taimake ni Google Docs na ajiye tarihin canji, na dawo da shi.

An hana aika aiki ta WhatsApp. Dama yana matse hoto ya rage masa kyau in ba a matsayin fayil aka tura ba. Komai ya tafi folda guda, sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana. A foldar mai zane na tarar da "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe wallahi". Shi mai kod dama nasa yana GitHub, ma'ajiyar masu kod, yana ta yi mana dariya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kalmomi. Na zaci yini ɗaya zai isa, ga mu a na huɗu.

Maɓallin komawa shafin farko, mai kod ya rubuta masa "Gida". Na nuna wa ƙanin Alhaji, ya danna, ya ce ina gidan? Ya ɗauka kwatancen gidan Alhaji zai gani. Ya koma "Farko". "Tuntuɓa" ma ta yi kama da wasiƙar ofis, muka mayar da ita "Yi mana magana". Hausa ce harshen shafin, aka sanar wa burauza haka da alamar "ha" a cikin kod. Turanci zai biyo baya. Faransanci saboda masu saye daga Maraɗi, Damagaram da Agadas, Alhaji ya ce kada mu wahalar da kanmu, da Hausa suke ciniki da shi tun yana saurayi. Abin da ya bambanta shi ne a Nijar ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y. Mun tsaya a kan namu, amma mai kod ya mayar da ƴ da babbarta cikin salon rubutun, ko wani zai rubuto.

Akwatin bincike kuma bai samo "baƙi" ba da aka buga "baki", alhali yawancin mutane ba ƙugiya suke bugawa. Yanzu kowane yadi yana da ɓoyayyen suna marar ƙugiya domin bincike kawai.

Shafin tarihi ya jawo ɗan ja-in-ja. Alhaji yana so a rubuta cewa zuriyarsu ta shekara dubu tana rini. Na ce, Baba, mu rubuta abin da za mu iya tsayawa a kai. Karofin Ƙofar Mata ana danganta kafuwarsa da 1498. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda rinannen tufafin garin ke kai wa har Tambutu da Tarabulus. Na gidansu kuwa sai mu sa muryarsa, ya faɗa da bakinsa, daga kakansa zuwa shi. Wannan ya yi masa. Minti uku muka nema, ya yi goma sha ɗaya.

Sakatare ya tambayi ajami. Akwai salon rubutu na SIL mai suna Alkalami da aka zana a kan rubutun Kano, don haka ba abin da ba zai yiwu ba ne. Amma daga dama zuwa hagu sabon gini ne. Na sa shi a jerin bayan Sallah, ban ce a'a ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Mun fita da Alƙali, muka miƙa wa mutum biyar ɗaya bayan ɗaya: marini biyu, tela, wata mai sayar da atamfa, da direban adaidaita. Umarni ɗaya: nemo yadin da ya yi maka, ka tambayi kuɗinsa. Dokar ita ce mu yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya, mai zane har cizon mayafinta take yi.

Babban yatsan marini ya rufe maɓalli biyu a lokaci guda, sai an ƙara musu girma da tazara. Rubutun nan mai ruwan toka da ya yi kyau a ɗaki, a rana tsaka ba a ganin sa ko kaɗan. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafi ga kowa, ta ce bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, namu da muka auna bai kai 3 ba. Telan kuma da burauzar Opera Mini ya buɗe a tasa wayar, yana tattalin data, hotunan da ke zamewa gefe suka ƙi motsi, ya ɗauka yadi ɗaya ne kawai muke da shi. An cire zamiya. Hotuna za su jeru daga sama zuwa ƙasa, an mayar da su WebP, nau'in hoto marar nauyi, kowanne ba ya saukowa sai an gangaro kusa da shi.

Mai atamfa ce kaɗai ta kai ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba. Da ta gama ta ce, "To nawa ne?" Muka ce ai sai kin tambaya. Ta ce, "Ku ma dai."

Litinin, 24 ga Fabrairu

An ɗora shafin a sabar, kwamfutar da zai zauna a intanet. Kamfanin da muka kama wa masauki ya kwana biyu bai amsa saƙo ba, ranar ta uku suka ce mu sake gwadawa, muka gwada ya yi, har yau ba su faɗi abin da ya lalace ba. An sa takardar tsaro ta Let's Encrypt, kyauta ce, kwana 90 take yi, an saita ta ta riƙa sabunta kanta. Kwafin ajiya duk daren Juma'a, ɗaya a sabar, ɗaya a wani wuri daban.

Abin da ya ci mini mako shi ne ɗan littafin miƙa aiki. Na sa masa suna "In ba ma nan". Na rubuta shafi shida ina jin na yi bajinta. Jiya na ba 'yar Hajiya, na ce ta ɗora sabon yadi da shi, ni kuma na juya kujera na ba ta baya. Mataki na huɗu ta tsaya. Na rubuta "ki rage girman hoton", ban faɗi da me ba, ban faɗi zuwa nawa ba. A mataki na bakwai na ce ta danna maɓallin da a kwamfuta yake sama, a waya kuwa yana ɓoye cikin ɗigo uku. Wuri tara ta tsaya. Na karɓi biro na ba ta, na ce ta rubuta yadda za ta gaya wa ƙawarta. Nata ya fi nawa gajarta, kuma da hoton fuskar waya a kowane mataki. Shi za mu buga.

Turancin ba zai samu shiga kafin azumi ba. Na gaya wa Alhaji yau, ban jira ranar ta zo ba.

Talata, 4 ga Maris

Mun buɗe ranar Juma'a, 28 ga Fabrairu, ba taro ba sanarwa, da yadi ashirin da huɗu. Da daren aka ga wata, Asabar aka tashi da azumi. 'Yan ƙungiya suka riƙa sa adireshin a status ɗinsu.

Saƙon farko na wani ɗan uwan sakatare ne, yana gwadawa. Na huɗu ya zo daga lamba mai farawa da 227, ta Nijar. Alhaji ya amsa da murya, gaisuwa kawai ta kusa minti guda, sannan aka shiga magana.

Ga abin da babu wanda ya hango a cikinmu: yadi mai lamba 7 an sayar da shi a karofi ranar Lahadi, hannu da hannu, amma yana nan a shafi, mutum uku suka tambaye shi. Rini kuma ba buga atamfa ba ne, ba a samun biyu iri ɗaya sak. An ƙara alamar "An saya, ana iya rina makamancinsa". Sakatare zai riƙa tura wa yarinyar lambar duk wanda ya fita, kafin magariba.

Lahadi, 9 ga Maris

Zama bayan asham, a zauren Alhaji, da kunun tsamiya da sauran ƙosan buɗa-baki. Ya ce ya gaji. Kowane saƙo "nawa ne", "nawa ne", ga azumi, ga maƙogwaro a bushe, rabinsu kuma da sun ji kuɗin ba sa ko sallama. Ya ce me ya hana mu rubuta farashi tun farko?

Mai kod ya dube ni, na dubi tabarma. Na buɗe takardar matsaya na karanta ta 1, da ranarta, da dalilinta, kalma bayan kalma.

"Ni na faɗi haka?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ranar 11 ga Janairu."

Ya yi dariya har da tari. "To ai gaskiya na faɗa. Yanzu ma gaskiya nake faɗa."

Aka daidaita a tsakiya: ba farashin kowane yadi ba, sai dai "daga kaza zuwa kaza" a saman kowane rukuni, da ranar da aka sabunta a gefe, yarinyar ta riƙa gyarawa duk Asabar. Ban goge ta 1 ba. Na rubuta matsaya ta 19, na ce ta maye gurbin rabin ta 1, kwando da biya ta kati har yanzu babu. Mai kod ya ce "har yanzu" ɗin nan ta yi masa daɗi.

Saura Turanci, rage muryar Alhaji zuwa minti huɗu ba tare da ya gane inda aka yanke ba, da hotunan mabuga da za a sake don na farko sun yi duhu. Mai kod zai tafi bautar ƙasa in an kira su, don haka kafin Sallah sai ya zauna da ni ya nuna mini yadda ake dawo da shafin daga kwafin ajiya, in yi da hannuna sau biyu yana kallo. Kalmomin sirri na rubuta su a takarda, da ranar da rajistar suna za ta ƙare, na sa a ambulan na liƙe. Alhaji ya ce a ba Hajiya ta ajiye, shi in ya sa a aljihu da rigar za a wanke.

Zama na gaba Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar. A zo da Alƙali, a cike da caji.